Ƙwayoyin Cuta Ma Suna da Nasu Xender, Kuma Mu Ke Kunna Musu

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san Xender. Ka haɗa waya biyu, kafin ka ƙifta ido fim ko manhaja ta tsallaka, ba data ba kati. To, ƙwayoyin cutar bakteriya ma suna da irin wannan hanya. Idan ɗaya ta samu dabarar tsira daga wani magani, takan iya tura wa ta kusa da ita cikin wani ɗan guntun ƙwayar gado mai suna plasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

A 2015 masana a ƙasar Sin suka gano irin wannan "fayil" mai suna mcr-1 a jikin aladu da mutane. Aikinsa shi ne hana maganin colistin yin tasiri. Colistin tsohon magani ne da likitoci suka ajiye saboda yana taɓa ƙoda, sai suka dawo gare shi don marasa lafiyar da sauran magunguna suka gaza a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin magungunan ajiya, waɗanda ba a taɓawa sai an rasa mafita. Cikin 'yan shekaru aka ga mcr-1 a nahiyoyi da dama.

Kada ka ce abin na can nesa ne. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Wani binciken mai suna BARNARDS, wanda Asibitin Murtala na Kano ke cikin wuraren da aka gudanar da shi, ya nuna da yawa daga ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai ba sa jin ampicillin da gentamicin, magungunan da ake fara ba su.

Yanzu mu dawo gida. A gari irin Kucheri da ke Ƙaramar Hukumar Tsafe, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mai zazzaɓi yakan fara da kemis, a ƙulla masa ja da yalo ko Ampiclox ƙwaya huɗu daidai kuɗinsa. Wannan tsohon hali ne. Sabon abu shi ne wayar da ke hannunmu ta zama likita. Wani ya ɗauki hoton kwalin maganin da ya warkar da shi ya tura guruf ɗin WhatsApp, mutum goma su saya. A TikTok wani da farar riga, ba wanda ya san inda ya yi karatu, yana lissafo haɗin "maganin sanyi" ko na taifot. Wasu kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira suke tambaya, alhali ba ta ga jininsu ba, ba ta ga fitsarinsu ba.

Duk lokacin da ka sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni cikin ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, su kuma tura dabarar gaba. Mura kuwa bairos ke kawo ta, antibayotik ba ya yi mata komai. Ka yi asarar kuɗi, ka kuma horar da abokin gaba.

Wani zai ce: da sauƙin faɗa. Hanya ba tsaro, kuɗin mota ya ninka, gwaji ma kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma nauyin samar da ɗakin gwaji da ma'aikata a asibitocin karkara yana wuyan gwamnati. Amma wannan hujjar ce ta sa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. Ranar da magungunan arha suka daina aiki, sai allurai masu tsada a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, in ma an same su. Mai kuɗi zai wuce Abuja. Talakan Kucheri fa?

Wayar tana da aikin da za ta yi. Wasu kwalayen magani suna da wurin kankarewa kamar katin waya: tura lambar ta saƙon tes ka tabbatar ba jabu ba ne, tsarin da NAFDAC ta fara tun 2010. Saita ƙararrawa don shan magani kan lokaci har adadin kwanakin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Kira shi idan ba ka ga sauƙi ba, maimakon sauya magani da kanka. Kada ka ba wani ragowar naka. Mai kiwon kaji ko awaki ya nemi malamin dabbobi kafin ya zuba magani a ruwansu.

Sannan idan saƙon haɗin magani ya shigo guruf ɗinku, kada ka tura gaba, ka kuma faɗa wa wanda ya turo dalili. Waya idan ta lalace akwai sabuwa a kasuwa duk shekara. Sabon antibayotik kuwa yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya fito, shi ya sa dole mu riƙe na hannunmu da kyau.