Kafin A Sayi Kwamfuta Ta Gida

Da kaka ne kuɗi ke shigowa hannu, da kaka ne kuma yaro ɗan lakwal ke matsa ma ubansa ya saya masa kwamfuta, wadda ma'aikatan biro ke ce ma ordinatar. Magatakardan ƙungiyar manoma shi ma yana so, don littafin hatsi ya cika, gara ta ci gefensa. Abin kirki ne. Amma kuɗin wake ne ko na rago za su tafi, kuma ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya in sun kwana a gidan wani.

Mai saye ya fara duba wutar garinsu. Kwamfuta iri biyu ce, akwai ta tebur, akwai ta hannu mai batir. Ta tebur, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, rubutun da ba a ajiye ba ya tafi ke nan. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take aiko ma Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Ta hannu ba ta da ci, yawancin cajarta wat 45 zuwa 65 ne, faifan hasken rana da batir na gida suna iya ɗaukarta. Ita ta dace da ƙauye. Sai dai batirin tsohuwa yakan gaji. A ce ma mai saidawa ya cire caja, a bar ta kunne har a sha shayi na farko da na biyu. In ta mutu kafin na uku, a sa kuɗin sabon batir cikin ciniki.

Daga nan sai allon haruffa, inda mutane da yawa ke yin kuskure. Wadda ta zo daga Faransa, haruffan layinta na sama suna farawa da AZERTY. Wadda ta biyo ta Kano ta shigo Maraɗi, galibi QWERTY ce ta masu Ingilishi, ba ta da é da è da ç a fili. Yaron da zai rubuta aikin lakwal da Faransanci zai sha wuya da ita.

To, ina Hausa? Duk su biyun ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kan allo. Wani zai ce ba kome, ai mai karatu zai gane. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san ba haka ba ne. Magatakarda ya rubuta "an bata buhu 10", alhali yana nufin "an ɓata buhu 10". Ran taro, wasu za su ce ruwa ya lalata hatsi, wasu su ce wata mace aka ba. Rigimar da ƙugiya ɗaya ta kawo tana iya raba ƙungiya. Magani yana nan, kuma ba ya cin ko dala. Cikin Windows akwai tsarin allon Hausa, sai a sa mai gyara ya kunna shi. Akwai kuma Keyman, wanda ake saukewa kyauta. Tun a kasuwa a rubuta "ƙafa" da "ɗaki" da "ƴaƴa" a gani. In wani ɗan akwati ya fito a maimakon harafin, salon rubutun ne bai san shi ba, a sake wani.

Kowace kwamfuta tana da tsarin da ke tafiyar da ita. Galibin tsofaffin da ke kasuwa Windows 10 gare su, kuma kamfanin Microsoft ya daina aiko mata gyaran da ya saba tun ran 14 ga Oktoba 2025. Tana nan tana aiki, amma kamar rumbu ne da aka daina yi ma yaɓe. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta yarda da yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba. Saboda haka a tambayi shekarar na'ura, kada ƙyallin murfi ya ruɗi mutum. Wanda ya riga ya sayi tsohuwa kada ya jefar, ana iya sa mata Linux, irin su Ubuntu ko Mint, kyauta ne. Sharaɗi ɗaya: a tabbata akwai wanda ya iya shi kusa, in ba haka ba kowace ƴar matsala sai an biya kuɗin mota zuwa birni.

Na rubutu da lissafi, kowa Word da Excel ya sani. Na kuɗi ne. Wanda ake zuba ma mutum a kasuwa a ce kyauta, sau da yawa na sata ne, yakan zo da cuta. LibreOffice halal ne, ba a biya, yana jin Faransanci, yana buɗe takardun Word da Excel. Wasiƙa da lissafin takin zamani ba su fi ƙarfinsa ba.

Na'urar buga takarda kuwa, kada a yi gaggawa. Mai tawadar ruwa, in ta yi makonni ba a buga ba, zafi da ƙurar hunturu suna toshe ta. Mai garin tawada ta fi jimiri, amma tana jan wuta ƙwarai, ƙaramin faifan rana ba ya ɗaukarta. Wanda takardunsa ba su wuce goma a wata ba, ya sa su cikin kile ya kai a buga masa ran kasuwa. Ya sayi kile biyu ma, ɗaya ta zauna wurin shugaban ƙungiya da kwafen lissafi, a riƙa sabunta ta kowace Juma'a.