A Ɗaura Taya Kafin A Miƙa Makulli

Daga Wakilinmu a Dutse

Kwanan baya wani ma'aikaci na sakatariyar Jiha da ke nan Dutse ya tare ni da wata tambaya muna fitowa daga sallar Azahar. Yana da wata Honda Accord mai ƙofa biyu, irin wadda samari ke so saboda gudu, wadda ya saya tun yana saurayi. Yanzu ga iyali sun ƙaru, ga tsadar mai tun da aka janye tallafi cikin watan Mayu na 2023, saboda haka yana so ya rabu da ita. Inji lafiya lau, jiki ba inda ya lotsa, amma tayoyin nan huɗu duk sun suɗe. Dillali ya ce masa kada ya ɓata ko kwabo a kansu, ya sayar haka nan. Wani abokinsa kuwa cewa ya yi ya shiga Kano ya ɗauko na gwanjo guda huɗu, a wanke su a shafa musu mai su yi ƙyalli. Ya ce, "To Malam, kai me ka gani?"

Ban ba shi amsa nan take ba, domin maganar ta fi yadda ya ɗauke ta nauyi.

Mu fara da ba dillali gaskiyarsa. Wanda ya ɗaura sababbin tayoyi domin ya sayar da mota ba safai yake fanshe kuɗinsa ba. Mai saye yana duban inji da giya da takardun kwastan, ya taya abin da ya taya, ba kuwa zai ƙara maka cikakken kuɗin taya a kan tayinsa ba. Taya kuma ta zama kayan masu hali. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yi a Ikeja a 2008, tayar da muke hawa kusan duk daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala duk inda ta nufa. Kuɗin sababbin tayoyi huɗu ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Balle kuma irin waɗannan motoci masu faffaɗar taya mai siririn gefe, waɗanda tasu ta fi ta sauran tsada, ta kuma fi saurin cinyewa. Ma'aikacin da matsi ya sa shi sayar da mota, a ce ya fara cin bashi domin ya yi mata takalma, lalle abin da wuya.

Shawarar abokin nan kuwa, ita ce ba ni ko son ji. Sunanta algus, ko da wane mai aka shafa mata. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da su, amma ga ta nan jibge a bakin titi. Wadansu an cire su ne daga motocin Turai bayan sun gama aikinsu, wadansu an cusa su cikin juna an matse domin su shiga kwantena har wayar cikinsu ta karye, wadansu ma an sake sassaƙa musu zane da wuƙa mai zafi. Wanda ya ɗaura irin wannan domin idon mai saye ya ga baƙi ya ga zane, bai gyara aibi ba, lulluɓe shi ya yi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a cikin Risala ya san ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma wanda aka ɓoye wa yana da ikon mayar da kaya. Sai dai aibin taya ba kamar tsagar ƙwarya ba ne, da za a gani a dawo da ita. Sau da yawa ranar da aka gane shi babu mai dawowa.

Mai karatu zai tuna da ranar 6 ga Maris, 2016, sa'ad da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe ana cikin gudu, motar ta yi ta wuntsilawa. A Amurka ma, ran 30 ga Nuwamba, 2013, ɗan wasan fim Paul Walker ya mutu tare da abokinsa da ke tuƙa shi cikin wata Porsche Carrera GT. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, amma sun kuma ce tayoyin motar sun haura shekara tara. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da maganarmu, domin ya nuna taya tana tsufa ko da mota tana ajiye a gareji. Roba ce, bushewa take yi ta tsattsage, ta daina kama kwalta.

To, ina ga tamu ƙasar? A watan Maris da Afrilu zafin Dutse yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Iskar cikin taya tana kumbura da zafi, tsohuwar roba kuma ba ta da juriya. Idan damina ta sauka, suɗaɗɗiyar taya ba ta da zanen da zai kore ruwa daga ƙarƙashinta, sai mota ta hau kan ruwan ta yi ta sulɓi, sitiyari da birki su zama ado. Sa'an nan a dubi wanda zai sayi motar. Ba dattijo ne zai sayi mota mai ƙofa biyu ba. Saurayi ne, watakila sabon ma'aikaci, watakila ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse wanda iyayensa ke da hali. Ranar da ya karɓi makulli, ranar zai ɗebi abokai ya nufi Shuwarin ya hau tagwayen hanyar nan da ta miƙe zuwa Azare, domin ya ga iyakar abin da ya saya.

Akwai masu cewa mafita a fili take, watau a gaya wa mai saye gaskiya, a rage masa kuɗin taya daga farashi, kowa ya kama gabansa. Ta fuskar ciniki wannan ya wanke mai sayarwa, ban musa ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne cikinmu za a rage wa wannan kuɗi su wuce kai tsaye shagon taya? Wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi mota, ragin da aka yi masa mai zai sha da shi, ya canja suna a takardu, ya ce taya sai ƙarshen wata. Ƙarshen watan nan kuwa mun san shi, mu ma'aikata.

Saboda haka abin da na gani shi ne wannan. Kada mai mota ya sayi taya tun kafin ya sami mai saye. Ya bar tsofaffin a jiki, ya nuna su da yatsa, ya hana dillali shafa musu komi. In an daidaita an yi sallama, sai a ware kuɗin taya daga cikin kuɗin motar, ko mai sayarwa ya ɗauka duka ko su raba yadda suka shirya, su tafi shago tare. Mai saye ya zaɓi irin wadda yake so, mai faci ya ɗaura a gabansu, sa'an nan a miƙa makulli. Ta haka mai sayarwa bai ci bashi ba, bai kuma sayi abin da ba za a yaba masa ba, mai saye kuma ya ga sabuwar taya da idonsa tun tana cikin leda. In kuɗi ba su kai na huɗu ba, a sayi biyu a sa su a baya, domin in ta baya ta kuɓuce mota juyawa take yi, direba ba ya iya tare ta. Wadda waya ta leƙo ko gefenta ya yi ƙari kuwa, ko zuwa Kiyawa bai kamata a hau ta ba.

Gane shekarun taya ba ya bukatar bakanike. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki in ta cika shekara huɗu. Kamfanonin taya sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma ban ga dalilin da mai tuƙi a ranar Jigawa zai nemi rangwame ba. Cikin ramukan zanen kuma akwai 'yan tuddai da aka sa domin awo. In saman taya ya cinye har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, iyakar da dokar Ingila da ƙasashen Turai ta yarda a hau. A duba safaya ma, domin ita ce kowa ke mantawa da ita a but.

Da na koma wa mutumin da wannan bayani, sai ya ce dillali ba zai so ba, domin la'adarsa za ta ragu. Na ce wannan tsakaninsu ne. Muka zagaya inda ya ajiye motar a gindin wata darbejiya, ya tsuguna ya goge ƙura da gefen hannunsa yana neman lambar. Ta gaba ta dama 1417 ce, ta baya ta hagu kuwa ta girme ta da shekara biyu. Ya daɗe a tsugune, sa'an nan ya ce da wannan ya kai iyalinsa Birnin Kudu ranar Sallah.