Wa da Ƙane a Maganin Farfaɗiya

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu game da magani, wai sabo ya fi tsoho, mai tsada kuma ya fi mai araha. A kan wayar hannu ba ni da ja. Amma a kan maganin farfaɗiya, wannan tunani yana iya kai mutum gadon asibiti. Shi ya sa a wannan mako nake so mu dubi wasu magunguna biyu 'yan gida ɗaya: kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, da ƙanensa oksikabazafin, wato Trileptal.

Wan ya daɗe a duniya. Walter Schindler ne ya harhaɗa shi a kamfanin Geigy da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1953, kuma da farko ciwon jijiyar fuska aka riƙa yi wa magani da shi. Ƙanen bai shiga kasuwa ba sai 1990 a Danmak, Amurka kuwa sai a 2000 ta amince da shi. A ginin sinadarinsu, ƙwayar iskar oksijin ɗaya tak ce ƙanen ya ɗara wan da ita. Aikinsu ma iri ɗaya ne: suna rage shigar sinadarin sodiyam cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai jijiyoyin su daina tartsatsin da ke kayar da mutum. Dukansu sun fi dacewa da farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma dukansu suna iya ta'azzara wasu nau'o'in, kamar wadda yaro kan yi tsit na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya.

To, ina bambancin yake? A hanta yake. Kabamazafin yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da magunguna da sauri, har da shi kansa. Wannan ne dalilin da likita ke fara shi kaɗan, ya riƙa ƙarawa cikin makonni. Shi ne kuma dalilin da yake raunana maganin tsinka jini na wafarin, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Yakan taɓa ƙwayoyin jini, don haka ake buƙatar gwaji lokaci-lokaci. Ƙanen yana bin wata hanya dabam a cikin hanta, ba ya yawan karo da sauran magunguna, kuma wasu majinyata sun fi jure masa.

Nan ne mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, a koma wa ƙanen. A'a. Oksikabazafin ya fi wansa saukar da sodiyam na jini, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Alamun su ne kasala, ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa, kuma idan abin ya yi tsanani shi kansa yana jawo faɗuwar da ake gudu. A gidajenmu, dattijon da ya fara ruɗewa tsufa za a ɗora wa laifi, ko iska, ba wanda zai tuna da ƙwayar da aka canja masa. Ita ma mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ba ta tsira ba, domin ƙanen ma yana rage mata ƙarfi. Sannan cikin waɗanda wan ya feso wa ƙuraje, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ƙanen ma zai yi musu haka.

Ni a ganina, abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. Kabamazafin yana cikin jerin muhimman magungunanta, ya fi araha, ya fi samuwa a kemis. Maganin farfaɗiya na shekaru ne, kuma yanke shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere ba farfaɗowa, wadda kan yi kisa. Iyalin da suka sayi ƙanen wata biyu, kuɗi ya yanke a na uku, sun jefa ɗansu cikin hatsarin da bai kasance ciki ba sa'ad da yake shan wan kullum. (A kula dai, danshi yana rage wa ƙwayar kabamazafin ƙarfi, sai a adana ta a busasshen wuri, balle da damina.)

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne musanya a kan teburin kemis, inda mai shago zai ce wannan ya ƙare amma ga ɗan'uwansa. Awonsu ba ɗaya ba ne. Miligiram 200 na wan yana daidai da kimanin 300 na ƙanen, kuma sauyin yana shafar duk wani magani da majinyaci ke sha tare da shi. Likitan da ya san nau'in farfaɗiyar, da shekarun mai ita, da ko mace ce mai shirin ɗaukar ciki, shi ke da hurumin yin wannan lissafi, kuma sau da yawa sai ya nemi gwajin jini kafin sauyin da bayansa.