Injin Ban Ruwa Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya

A unguwar Kabara, kusa da Gidan Sarkin Kano, ba a rasa ɗan kasuwa ko akawu wanda ya ke zaune cikin birni amma gonarsa ta rani tana wajen Kura ko Kadawa. Tun shekarun 1980 ƙaramin injin fetur ya fara ture jigo, shirin Fadama na 1993 kuwa ya ƙara yaɗa shi. Irin wannan mutum yakan sayi inji ya danƙa wa yaransa, ba zai sake tambayarsa ba sai ran da aka aiko masa cewa inji ya tsaya, tumatir yana fure. Sa'an nan sai a ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Wannan magana ba daidai ba ce. Yawanci sakaci ne ke kashe inji. A cikinsa akwai silinda, watau ramin da fistin ke hawa da sauka, da zobba masu toshe tsakaninsu don kada ƙarfi ya zurare. Lokacin noman rani shi ne lokacin hazo. In matatar iska ta yage, ƙura ta shiga ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inji yakan ba da alama tun da wuri. Hayaƙi ya koma shuɗi-shuɗi, baƙin mai yana raguwa, igiya ta yi sakwa-sakwa in an ja, ruwa kuma ba ya fita da ƙarfi. Da ganin haka a kai wa bakanike, mai abu kuwa ya tsaya a buɗe a gabansa. A kankare baƙin da ya daskare a kan fistin da itace, ban da ƙarfe. A shafa cikin silinda da farce. In farce ya sarƙe a wani zane, sabbin zobba kaɗai ba za su yi magani ba, sai an gyara silindar. Wajen mayarwa kada bakunan zobba su zo a layi ɗaya, kuma a sa sabon gasket.

Kamfanin Honda ya ce a juye baƙin man sabon inji bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma kowace awa 100. A wanke matatar iska kowace awa 50, a wuri mai ƙura kuwa tun kafin haka. Man bai kai lita ɗaya ba. To, wanda ya ji ƙyashin wannan, da wane ido zai dubi kuɗin fistin da silinda a Ƙofar Ruwa, ga kuma asarar gona?

Saboda haka kafin a fara ban ruwan bana, kowane mai inji ya sa a duba nasa, ya kuma ajiye ɗan littafi da za a riƙa rubuta awoyin aiki.