Lura Dabam, Zato Dabam

Akwai wata kalma da ɗalibanmu kan ci karo da ita a darasin kimiyya, wato indakshan. Da yawa sukan fassara ta da "zato". Mu dai ba mu yarda da wannan fassara ba. Ma'anarta ita ce mutum ya lura da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tara su, sa'an nan ya fitar da hukunci na gaba ɗaya. Iyayenmu manoma sun san hanyar nan ko da ba su taɓa jin sunanta ba. Shekara da shekaru suna ganin hadari ya taso daga gabas, ruwa ya biyo baya, har suka san lokacin kwashe shanya.

Bari mu ɗauki misali. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana rubuta inda aka mutu. Ya tarar yawancin mamatan suna shan ruwa daga famfo guda ne, na Titin Broad. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Wannan ba zato ba ne, aikin ƙirge ne da haƙuri.

Amma hanyar tana da iyaka. Turawa sun daɗe suna cewa duk tsuntsun ruwan nan da suke kira suwan fari ne, domin farare kaɗai suka taɓa gani. A 1697 wasu matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan suka ga baƙaƙe a Ostareliya. Gani ɗaya ya rushe hukuncin.

To, ina ruwanmu? A makarantar nan muna da yare iri iri. Yaro ɗaya ya ɗauke maka sabulu a ɗakin kwana, sai ka ce duk mutanen garinsu ɓarayi ne. Mutum nawa ka gwada? Nawa ne suka riƙe maka amana ba ka lissafa ba? Irin wannan gaggawa ce ke raba abokai, har ta kai ga ƙona gari.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da malamai, kafin mu ce "duka", mu ƙirga. In kuwa sabuwar shaida ta zo, kada mu ji kunyar sāke magana.