Kada Arha Ta Zaɓa Maka Madabod

Duk mai shagon buga takardu a Matankari da zai haɗa kwamfutar tebur, ya fara zaɓen furosesa, sannan ya nemi madabod ɗin da raminsa ya dace da ita. Furosesar Intel ta zubi na 12 zuwa na 14 a ramin LGA1700 take zama. Ryzen 5000 ta AMD kuwa sai AM4, ramin da ya fito a 2016. Sabon ramin AMD, AM5, ba ya karɓar ram sai DDR5. In aka saɓa, ko kunnuwa ba za ta yi ba.

Wasu za su ce kuɗi sun yi wuya, na gwanjo ya wadatar. Ba laifi, muddin an gwada shi a gabanka, an duba fil-fil ɗin ramin ba su lanƙwashe ba, kafasito ba su kumbura ba. Amma arha ba ta ado. Zafin Afrilu, ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar NIGELEC, madabod ɗin da ba shi da ƙarfen sanyaya sashen wuta suke fara kashewa, gyara kuma sai an kai Dogon Dutsi ko Yamai. Kuɗin motar nan gara a sayi madabod mai garanti da sitabilaiza.