Madubin gefe ba don kallon motarka aka yi shi ba

Masu tuƙi tsakanin Gwiwa, Roni da Kazaure, ku zo mu yi maganar madubin gefe.

Yawancin motocin da nake shiga, direba ya saita madubi yana kallon ƙofarsa ta baya. Malam, ƙofar nan ba inda za ta. Mai babur da ya ɗauko buhu biyu zai wuce ka, shi ne ba ka gani.

Abin haushin, maɓallin na nan jikin ƙofa: L hagu, R dama.

Ni a tsaye nake saitawa. In jingina kai da gilashin tagata, in tura na hagu waje har jikin motar ya kusa ɓacewa. In karkato tsakiya, in yi wa na dama haka.

Ranar farko za ka ji wani iri, daure.

Amma fa na dama yana nuna abu da nisa alhali ya matso. Kafin ka sauka gefen titi, waiga.

In ƙaninka ya ari motar, sake saitawa, tsayinku ba ɗaya ba.